Yankan 'Ya'ya a Tarihin Banu Isra'ila, da Abin da Ake Faɗa a Kan Kakanninmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san yadda kasuwar Maigatari take batsewa ranar Alhamis ɗin da ta gabaci Babbar Sallah. Raguna ake korowa daga Nijar garke-garke, Uda da Balami da 'yan ƙasa, dillalai suna ta kai da kawowa, kowane magidanci yana buɗe bakin rago yana duba haƙori don kada a sayar masa da wanda bai isa layya ba. Tun ina yaro nake bin mahaifina wannan kasuwa, ni ne mai riƙon igiya idan ciniki ya faɗa. Wata shekara muka dawo gida muka ɗaure ragon a turke, sai kakata ta dube ni ta ce, "Ka gode wa Allah da ragon nan, ɗan nan, ba don shi ba da kai za a kayar." Daga nan ta kawo mini ƙissar Annabi Ibrahim, sa'an nan ta ɗora da cewa a zamanin arna, idan za a gina ganuwa, sai an binne yaro da yarinya da ransu a gindin ƙofa, in ba haka ba ginin ba zai tsaya ba.

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Da na zo jami'a muka shiga darasin al'adun Hausawa kafin zuwan Musulunci, sai na ɗaura aniyar neman inda aka rubuta cewa kakanninmu sun yi tsafi da 'ya'yan cikinsu. Abin da na samu game da mu bai taka kara ya karya ba. Amma a wajen mutanen da ban taɓa zato ba, wato Banu Isra'ila, jikokin Annabi Ibrahim ɗin kansa, na tarar da bayani mai yawa, kuma su da hannunsu suka rubuta shi. Saboda haka zan fara da su, daga baya in komo gida.

A kudu maso yammacin tsohon birnin Ƙudus akwai wani kwari da ake kira Kwarin Ɗan Hinnom. Littattafan Tsohon Alkawari, waɗanda Yahudawa da Kirista suke riƙe da su, sun ce a cikin wannan kwari akwai wani wuri mai suna Tofet, inda mutanen Yahuza suke ƙona 'ya'yansu maza da mata. Littafin Sarakuna na biyu ya ambaci sarakuna biyu da suna. Na farko shi ne Ahaz, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, na biyu kuma jikansa Manassa, wanda aka ce ya shekara 55 a kan gado. Kowannensu an ce ya ratsar da ɗansa ta cikin wuta. Sai a wajen shekarar 622 kafin haihuwar Annabi Isa ne Sarki Yosiya ya yi babban gyaran addini, ya rushe wuraren tsafi, ya ƙazantar da Tofet domin kada kowa ya sāke kai ɗansa can.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce wasu ɓatattun sarakuna ne suka ari al'adar maƙwabtansu Kan'aniyawa, aka zo aka tsawata musu. Haka ma marubutan Littafin Sarakuna suke so mu fahimta. To, amma idan mai karatu ya natsu zai ga abin ya fi haka zurfi. A littafin Irmiya, har wuri uku (babi na 7 da na 19 da na 32) an kawo cewa Ubangiji yana nesanta kansa daga wannan aiki, yana cewa bai yi umarni da shi ba, bai ma taɓa nufinsa ba. Sai mu tambayi kanmu, me zai sa a nanata irin wannan musu? Ba a cewa "ban aike ka ba" sai ga wanda yake da'awar an aike shi. Wato masu kai 'ya'yansu Tofet, ko aƙalla wasu daga cikinsu, sun ɗauka Ubangijin Isra'ila suke yi wa ibada, ba wani gunkin baƙi ba. Akwai kuma nassin da suke iya kafa hujja da shi, domin a littafin Fitowa babi na 22 an ce a ba Ubangiji ɗan fari na mutum, aka haɗa shi a jere da ɗan farin saniya da na tunkiya, ba tare da an ambaci fansa a wurin ba. A babi na 13 da na 34 ne aka bayyana cewa ɗan mutum fansarsa ake yi, littafin Ƙidaya kuma ya yanke kuɗin fansar shekel biyar na azurfa. Mafi nauyi duka shi ne babi na 20 na littafin Ezekiyel, inda aka nuna cewa saboda taurin kan mutanen an bar su da dokokin da ba su da kyau, har suka ƙazantu da miƙa 'ya'yansu na fari. Irmiya da Ezekiyel zamaninsu ɗaya, dukansu sun ƙi wannan aiki, amma kowanne da irin bayanin da ya ba shi. Wannan saɓani nasu shi ne ya fi gamsar da ni cewa abin ya faru da gaske, domin mutane ba sa wahalar da kansu wajen neman bayanin abin da ba a yi ba.

Akwai labarai biyu kuma da suke nuna irin halin da yake kai mutum ga wannan ta'asa. A littafin Mahukunta, wani jarumi mai suna Yefta ya yi bakance cewa idan ya ci Ammonawa da yaƙi, duk abin da ya fara fitowa daga ƙofar gidansa don taryarsa zai miƙa shi hadaya. Ya dawo da nasara, sai ga 'yarsa tilo ta fito tana kiɗa tana rawa. Ta roƙi wata biyu ta yi makoki tare da ƙawayenta, bayan haka uban ya cika bakancensa. Ɗaya labarin na Mesha ne, Sarkin Mowab. Da rundunar Isra'ila da ƙawayenta suka yi masa ƙawanya ya ga ba mafita, sai ya ɗauki babban ɗansa, wanda zai gaje shi, ya ƙona shi a kan ganuwa kowa yana gani. Abin mamaki, marubucin ya ce bayan haka babban fushi ya auka wa Isra'ila, suka janye suka koma gida. Shi wannan Mesha ba mutumin tatsuniya ba ne, gama a 1868 an samo wani dutse a Diban, cikin ƙasar Jodan ta yau, ɗauke da rubutunsa yana alfahari da cewa ya kuɓutar da Mowab daga hannun Isra'ila. Dutsen yana gidan tarihi na Luba a birnin Faris, sai dai bai ambaci yankan ɗan ba.

A nan ya kamata mu lura da wani abu. Ba bawa ake yankawa ba, ba kuma ɗan maƙwabci ba. Ɗan fari ne, ko 'ya tilo, ko yarima mai jiran gado, kuma a ranar da tura ta kai bango. Tunanin da ke bayan abin shi ne, gwargwadon girman buƙata gwargwadon tsadar abin da za a bayar. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani, domin a cikin Sira mun karanta yadda Abdulmuɗɗalibi ya yi bakancen yanka ɗaya daga cikin 'ya'yansa idan suka kai goma, ƙuri'a ta faɗa kan Abdullahi wanda ya fi so, har aka fanshe shi da raƙuma ɗari. Suratul An'am ma ta yi tir da mushirikan da aka ƙawata musu kashe 'ya'yansu. (Game da ɗan da Annabi Ibrahim ya kai, Attaura ta ce Ishaƙa ne, Alƙur'ani bai ambaci suna ba a Suratus Saffat, yawancin malamanmu sun tafi a kan Isma'ila ne, ko da yake Imamu Ɗabari ya rinjayar da Ishaƙa. Wannan wani fage ne dabam.)

Masana na zamani sun daɗe suna ja-in-ja a kan kalmar "Molek", wadda littafin Firistoci ya hana a ba wa 'ya'ya. Shekaru aru-aru ana ɗauka sunan gunki ne. A 1935 wani Bajamushe mai suna Otto Eissfeldt ya ce a'a, sunan wani nau'in hadaya ne, kamar yadda mu muke cewa layya ko haƙiƙa. John Day a 1989 ya mayar masa da martani cewa gunki ne na ƙarƙashin ƙasa. Moshe Weinfeld kuwa tun a 1972 cewa ya yi ratsarwa ta wuta keɓe yaro ne ga abin bauta, ba kisa ba, amma kaɗan ne suka bi shi. Jon Levenson a 1993 da Heath Dewrell a 2017 sun tafi a kan cewa lalle wasu Banu Isra'ila sun yi, kuma da sunan Ubangijinsu suka yi.

Hujjar Eissfeldt daga Afirka ta fito. Birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, Finikiyawa ne suka kafa shi, mutanen Taya da ke gaɓar Labanan, waɗanda harshensu ɗan'uwan Ibrananci ne na kusa. Girkawa da Rumawa sun sha zarginsu da ƙona yara. Marubucin nan Diyodoras ya ce a shekarar 310 kafin haihuwar Annabi Isa, da abokan gaba suka tasar wa birnin, an yanka 'ya'yan manya 200 a lokaci guda. Da yake Rumawa ne suka rushe Kartaj a 146, ana iya cewa sharrin maƙiyi ne. Amma a 1921 aka tono wani fili a birnin cike da tukwane, cikinsu ƙonannun ƙasusuwan jarirai da na 'yan raguna da 'yan awaki, a kansu duwatsu masu rubutun cika bakance ga Ba'al Hammon da Tanit, wasunsu ɗauke da kalmar nan ta "molk". Lawrence Stager, wanda ya jagoranci wani tono a wurin a shekarun 1970, ya ƙiyasta cewa an binne tukwane kamar 20,000 tsakanin shekarar 400 da 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya kuma gano wani abu da ya karya tunanin masu cewa kullum ɗan Adam gaba yake yi: a zamanin farko kusan tukunya ɗaya cikin uku dabba ce a ciki, amma da birnin ya bunƙasa ya yi arziki sai ta koma ɗaya cikin goma. Ko a nan ma ba a rabu da gardama ba. A 2010 Jeffrey Schwartz da abokan aikinsa suka ce maƙabartar jarirai ce kawai, waɗanda suka mutu a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa. Wasu masanan suka sāke duba haƙoran, suka ce yawancinsu sun yi wata ɗaya ko biyu a duniya. Ni dai rubutun kan duwatsun ne ya ja ni ɓangaren masu cewa hadaya ce, domin uban da ɗansa ya mutu da ciwo ba ya rubuta godiya cewa an ji roƙonsa.

A Ƙudus kuwa ba a tono irin wannan fili ba. Abin da ke hannu rubutu ne, rubutun kuma masu gyara ne suka yi shi, waɗanda suke da tasu manufa. Bayan Babilawa sun rushe birnin a 586, an buƙaci wanda za a ɗora wa laifi, Littafin Sarakuna kuma ya ɗora shi kacokan a kan Manassa. Francesca Stavrakopoulou ta nuna a 2004 yadda aka mai da wannan sarki jakin ɗaukar laifin al'umma, aka kuma riƙa kiran al'adar da ke cikin gida da sunan al'adar baƙi. Saboda haka zargin da aka yi wa sarki kaza yana iya zama siyasa, alhali aikin da ake zargin da shi gaskiya ne an yi shi a ƙasar.

Yanzu bari mu komo gida da wannan ma'auni. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala. Marubucinsa Musulmi ne, ba shi da dalilin rufa wa matsafa asiri, amma da ya zo lissafa abin da jama'a suke kawowa sai ya ce baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Da ya zo kan fara ginin ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, shanu ɗari ya ce an yanka a ranar farko. Dirki ma, wanda sarakunan Kano suka daɗe suna yi wa yanka har zuwa zamanin Alwali, shanu ake ba shi, kuma da aka fasa shi Alƙur'ani aka tarar a naɗe cikin fatu. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, tumaki da awaki da kaji ya bayyana, kowane iska da launin dabbar da yake so.

To, ina labarin kakata ya samo asali? Irinsa yana da yawa a duniya. Mutanen Jenne a ƙasar Mali suna nuna kabarin wata budurwa mai suna Tapama, wadda suka ce an gina ganuwar garin a kanta. Sarakolawa suna da labarin macijin Wagadu mai suna Bida, wanda ake ba budurwa kowace shekara, alhali macijin rijiyar Kusugu a Daura ruwa kawai yake hana ɗiba. Har a Littafin Sarakuna na farko an ce wani Hiyel ya sāke gina Yariko, ya rasa babban ɗansa wajen aza harsashi, ya rasa autansa wajen kafa ƙofofi. Labarin da yake yawo haka daga ƙasa zuwa ƙasa yana iya ɗauke da ƙwayar gaskiya a wani wuri, yana kuma iya zama hanyar da mutane suke faɗin cewa gari ba ya kafuwa a banza. Ba na cewa ba a taɓa zubar da jinin mutum don tsafi a ƙasar Hausa ba. Matsafan da ba su rubutu, kuma tono ƙasa a wajenmu bai yi nisa ba. Cewa nake yi shaidar da ta ɗaure Banu Isra'ila, wato furucin 'yan gida, da wadda ta ɗaure Kartaj, wato ƙasusuwa da rubutun iyaye, ba irinsu ba ne ake kafa hujja da su idan ana zagin Maguzawa.

Wannan batu ya shafe mu mutanen Gumel ta wata fuska ta musamman. Masarautarmu ta Mangawa, wadda aka kafa a tsakiyar ƙarni na 18, Barno take bi, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Ko lokacin da Heinrich Barth ya ratsa ta kasuwar Gumel a 1851, a matsayin ƙofar shiga ƙasar Barno ya san garin. Da masu jihadi suka ci Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuto wasiƙa yana tambayar da wace hujja ake yaƙar Musulmi. Muhammadu Bello ya adana wannan musayar wasiƙu a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812. Daga cikin hujjojinsa akwai cewa labari ya iso musu mutanen Barno suna yanka ga duwatsu da itatuwa, suna kuma yi wa kogi irin abin da Ƙibɗawa suke yi wa Nilu a jahiliyya. Al-Kanemi a nasa ɓangaren ya ce yankan da sarakuna suke hawa su je su yi sadaka ce, in ma akwai kuskure to saɓo ne ba kafirci ba, kuma ko a Dimyaɗ ta Masar, garin malamai, akwai itaciyar da jahilai suke girmamawa.

Bello bai ce ana jefa yara a kogi ba, kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma duk almajirin da ya karanta tarihin buɗe Masar ya san abin da ambaton Ƙibɗawa da Nilu yake tunatarwa. Ibnu Abdil Hakam, wanda ya rasu a 871 miladiyya, ya ruwaito cewa Misirawa sun gaya wa Amru ɗan Asi kogin ba ya kawo ruwa sai an yi wa budurwa ado an jefa ta ciki, Amru ya hana, Sayyidina Umar ya aiko da takarda aka jefa a madadinta, kogin ya cika. Masana tarihi da yawa suna shakkar wannan ruwaya, domin lokacin da Amru ya shiga Masar, wajen 641, Ƙibɗawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna Kirista. Ga shi nan, kwatance ɗaya ya ɗauko zargi daga bakin Nilu ya sauke shi a gefen ƙasar da kakannina suke kai wa gaisuwa, ba tare da an ambaci yaro ko ɗaya ba. Da kakannin nawa ne suka riƙe alƙalami, ina da tabbacin da sun sami wasu can gaba da za su jingina wa irin wannan.

Wani abin da ya ba ni mamaki a cikin wannan bincike shi ne, sunan kwarin nan yana bakinmu kullum ba mu sani ba. Bayan zamanin Yosiya da Irmiya, Yahudawa suka riƙa kiran wurin azabar lahira da sunan Kwarin Hinnom, wato "Ge Hinnom" a harshensu. Masana harsuna da yawa suna ganin daga wannan tushe ne kalmar Larabci "Jahannam" take, wadda mu muka ara muke cewa Jahannama. Kwarin yana nan har yanzu a gefen ganuwar Ƙudus, da ciyawa da itatuwan zaitun, mutane suna zuwa shan iska.

Da na je hutun ƙarshen zango na tarar da kakata a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na ce, "Kaka, yaran nan da kika ce an binne a ganuwa, a wace ƙofa ce ta garin nan?" Ta ɗago kai ta harare ni, ta ce, "Wa ya ce maka a Gumel ne? Mu Musulmi ne tun kaka da kakanni. Can wani gari ne a arewa, arna ne mutanensa." Na ce mata yaya sunan garin. Ta yi shiru tana tunani, ta ce ita ma a bakin kakarta ta ji, kuma ba ta faɗa mata suna ba.